Burodin safe mai cikin mangwaro da dabino: yadda ake gasa shi a gida

Ranar da na fara gwada burodin nan cikin watan Afrilu ne, lokacin da mangwaro ya cika Kasuwar Dole ta Damagaram har ana bin mutum da shi a baro. Kwaɓina ya tashi lafiya lau. Na fere nunannen mangwaro, na yayyanka shi ƙanana, na zuba a tsakiyar kowane curi ban ɗora shi a wuta ba, don a ganina dahuwa ɗaya ta ishe shi. Da na buɗe obin, ruwan mangwaron ya tafaso ya malale tire, ya ƙone baƙi ƙirin a gefe-gefe, gindin burodin kuma ya jiƙe sharkaf. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ɗauki guda ta jujjuya shi, ta ce, "'Yar nan, wannan ci ake yi ko sha?" Na ce, "Inna, gwaji ne." Ta ce, "To, Allah ya sa fulawar ba ta bashi ba ce."

Kwaɓin ba shi da laifi. Ruwan da ke cikin mangwaron ne ya ɓata aikin, kuma a garin da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kankare tire mai ƙonannen sukari ma wata asara ce ta daban.

Mutanen ƙasar Cek, a tsakiyar Turai, su suka shahara da irin wannan burodi. Suna ce masa kolac, daga wata tsohuwar kalmarsu mai nufin abu zagayayye, domin curi ne mai rami a tsakiya. Waɗanda suka yi ƙaura daga can zuwa jihar Teksas ta Amurka tun daga shekarun 1850 sun tafi da shi, har ya zama abin karin kumallo a can. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi zuba masa shi ne povidla, wato abin da ake yi da wani ɗan itacen ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira prune, wanda ake dafawa awa da awanni har ya kafe kamar ƙullin gyaɗa. Sun san abin da ban sani ba ranar: ɗan itace ba ya shiga burodi sai ya rabu da ruwansa. Mu ba mu da nasu, amma muna da dabino, da mangwaro, da gwaiba.

Ki fara da cikin, ba da fulawa ba

Cikin ake fara yi, tun jiya idan da hali, domin sai ya huce sarai kafin ya taɓa kwaɓi. Mai zafi yana narkar da botar da ke cikin kwaɓin, ya kashe yis ɗin wurin da ya taɓa.

Ga mai farawa, dabino ya fi sauƙi, kuma ba shi da kaka ba shi da rani, kullum yana kasuwa. Ki sami giram 250 bayan an cire ƙwallo. Idan busasshen nan ne mai ƙarfi da ke zuwa daga arewa, irin na Bilma, ki fasa kowane guda ki duba cikinsa, don ƙwari na ɓuya a wajen ƙwallon, ki wanke, ki jiƙa shi a ruwan zafi awa guda ko biyu. Mai laushi irin na lambunan Gidimuni minti 15 ya ishe shi. Ki zuba shi a tukunya da ruwan jiƙon kamar mililita 200, wuta kaɗan-kaɗan, kina dannawa da muciya har ya narke ya haɗe. Kada ki sa sukari ko ƙwaya ɗaya. Abin da dabino ke nema ɗan tsami ne da zai karya masa zaƙi: cokali ɗaya na ruwan tsamiya mai kauri, ko rabin lemun tsami. Ni ina ƙara ɗan garin kirfa da citta, kanumfari kuwa guda ɗaya tal, domin idan ya yi yawa sai ya danne komai. Duk wadda ta taɓa cin alkakin Damagaram ta san yadda tsami da zaƙi ke zama da alkama.

Mangwaro ya fi daɗi, ya fi kuma wahala. Ki zaɓi manyan nan marasa zare. Ƙananan na gargajiya sun fi ƙamshi, amma sai kin matse su kin tace a rariya, in ba haka ba yara su wuni suna zare abu daga haƙori. Ki nemi tsoka giram 500, wato manya uku ko huɗu. Ki yanka ƙanana, ki zuba a tukunya mai faɗin baki da sukari cokali huɗu da ruwan lemun tsami cokali ɗaya. Faɗin bakin tukunyar na da dalili: ruwa ya fi saurin tashi. Kada ki ƙara ruwa, kada ki rufe. Da farko za ki ga ya tsinke kamar kin yi kuskure. Ki bar shi ya yi ta tafasa kina juyawa, minti 15 zuwa 20. Idan ya ragu zuwa kusan rabi, ki dama garin sitaci na masara, irin Maizena, cokali ɗaya a ruwan sanyi cokali biyu, ki zuba, ki juya minti biyu har farin ya ɓace ya yi sheƙi.

Yadda ake gane ya yi: ki ja muciya a gindin tukunya. Idan hanyar da ta buɗe ta tsaya kina ganin ƙarfen kafin ta rufe a hankali, ya yi. Idan ta rufe nan take, da saura. Gwaji na biyu, ki ɗiga cokali ɗaya a faranti, ya huce, ki karkata farantin. Ya kamata ya zauna inda kika ajiye shi, babu siririn ruwa yana gangarowa daga gefensa.

Gwaiba haka ake yi mata, sai dai a fara dafa ta da ɗan ruwa a tace 'ya'yan. Abarba da gwanda kuwa dafa su wajibi ne, ba don ruwa kaɗai ba: suna ɗauke da wani sinadari mai narkar da danƙon fulawa, shi ne ke sa gwanda ɗanya ta tausasa nama, kuma wuta ce kaɗai ke kashe shi. Ayaba tana baƙi, ba ta da kyan gani a buɗaɗɗen rami. Kankana kada ma ki ɓata gawayinki.

Kwaɓin

Fulawa rabin kilo. Idan babu sikeli, ki sayi kilo ɗaya ki raba biyu daidai, ko ki auna kofi huɗu da kofi mai ɗaukar mililita 250, ba tare da kin danna ba. Madara mililita 250. Ta gari ta wadatar, cokali huɗu a kofin ruwa. Sukari cokali shida, kusan giram 80. Bota giram 80, cokali biyar zuwa shida, mai laushi amma ba narkakkiya ba. Ƙwai ɗaya da gwaiduwar na biyu. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya da ɗan ɗori. Yis giram 7, ƙaramin cokali biyu. Wannan zai ba ki curi 16.

Wajen sayen yis a yi hattara. A butiki idan kika ce lebur, wato sunan yis da Faransanci, mai kanti na iya miƙo miki 'yar fakitin nan ruwan hoda ta yin gato, alhali ita hoda ce, ba ta da rai, ba za ta tayar da wannan kwaɓi ba. Ki ce lebur na burodi, mai ƙananan ƙwayoyi kamar gero da aka ɓarza. Idan a ƙulle yake a leda, ba ki san tun yaushe aka buɗe babban ƙunshin ba, to ki gwada shi: ki zuba a rabin madarar mai ɗumi da ɗan sukari, ki ba shi minti goma. Ya yi kumfa, yana da rai. Ya kwanta shiru, ki zubar, ki aiki yaro wani kanti tun ƙwai da bota ba su bi shi ba.

Ɗumin madarar kamar na ruwan wankan jariri ne, digiri 35 zuwa 38. Yis yana mutuwa idan zafi ya doshi digiri 60. Wannan maganar lokacin ɗari ce. Daga Maris zuwa Yuni kuwa kada ki ɗumama komai. Da ruwan randa nake damawa, wani lokaci har da ɗan ƙanƙara.

Ki tankaɗe fulawar a babbar roba, ki haɗa da sukari da gishiri, ki zuba yis, madara da ƙwai, ki haɗe su. Botar ki jinkirta ta. Ki murza minti biyar tukuna, har kwaɓin ya fara danƙo, sannan ki riƙa sa ta kaɗan-kaɗan kina murzawa. Maiƙo yana lulluɓe fulawa ya hana ta haɗa danƙo idan ya riga ruwa shiga, shi ya sa. Lokacin da botar ta shiga, kwaɓin zai wargaje ya yi santsi ya manne miki a yatsu. A nan ne yawancin mata ke ɗebo fulawa su yi ta barbaɗawa, kuma a nan ne burodin ke zama dutse. Ki daure. Ki tura da tudun hannu, ki naɗo, ki juya, minti goma zuwa goma sha biyar. Da kansa zai tattaru ya saki robar. Idan har ya ƙi, cokali ɗaya na fulawa, ba tafi ba. A lokacin hunturu akasin haka ake samu: fulawa ta bushe, tana shan ruwa, sai kin ƙara madara cokali ɗaya ko biyu.

Ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali tsakanin yatsu. Idan ya miƙe siriri har haske na ratsa shi bai yage ba, murza ta isa. Taɓinsa kamar fatar kunne, mai ɗan kama yatsa ya saki.

Tashi: ki bar agogo, ki duba kwano

Duk inda kika karanta cewa a bar kwaɓi awa ɗaya da rabi, ki tuna a ɗaki mai digiri 22 aka rubuta. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, a Disamba da Janairu kuma asuba sai da bargo. Kwaɓi ɗaya, yis ɗaya, a bazara yana iya ninkawa cikin minti 35, a ɗari ya ci awa biyu yana nawa.

Ki shafa wa robar ɗan mai, ki sa kwaɓin, ki rufe da murfi ko leda. Tsumma kaɗai ba ya isa a iskarmu. Samansa zai yi ɓawo. Ki sa alama a jikin robar inda ya tsaya. Idan ya ninka biyu, ya isa, ko minti nawa ya ɗauka. Da zafi ki kai shi gindin randa, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, ki kuma rage yis zuwa ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Tashin gaggawa ba ya ba burodi ɗanɗano, kuma idan ya zarce sai ya yi tsami da warin giya, ya faɗi a wuta. Da ɗari ki kai shi ɗakin girki kusa da murhu, ba a kansa ba.

Da ya ninka, ki danna shi iskar ta fita, ki raba 16, kowane kamar giram 60, girman ƙwan agwagwa. Ki ja gefunan zuwa ƙasa ki tsuke, ki kife shi, ki mulmula da tafin hannu har samansa ya yi sumul ya ɗaure. Wannan ɗaurin ne ke sa ya tashi sama maimakon ya baje. Ki jera a tire mai mai, tazarar yatsu biyu tsakani, ki rufe, ki ba shi tashi na biyu: minti 20 da zafi, 45 da sanyi. Ki danna gefen guda da yatsa. Ramin ya dawo nan take, bai isa ba. Ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, yanzu ne. Bai dawo ba sam, kin makara, ki yi maza wuta.

Rami da zubi

Ƙaramin kofin shayin nan na gilashi shi ne ma'aunin. Ki tsoma gindinsa a fulawa, ki danna tsakiyar curin har ki ji kin kusa taɓa tire, sannan ki faɗaɗa da yatsu biyu, ki bar baki mai kaurin yatsa a zagaye. Ki zurfafa fiye da yadda ranki ya so. Kwaɓin zai sake kumbura a wuta, kuma rami mai tudu yana turo cikin waje kamar hula. Ki shafa wa bakin madara da ragowar farin ƙwai, sannan ki zuba cikin, babban cokali ɗaya, ba tozo.

Idan na 'yan makaranta ne da za a sa a jaka, gara a rufe shi. Bayan tashin farko ki faɗaɗa curin a tafin hannu, tsakiya ta fi gefe kauri, ki sa cikin ƙaramin cokali biyu, ki tattaro gefen ki tsuke sosai, ki kife tsukin a ƙasa. Kada ciki ya taɓa bakin da za ki tsuke. In ya taɓa, ba zai kama ba. Dabino ya fi dacewa da wannan. Irin wannan a jera su suna taɓa juna, a shafa bota tsakaninsu, su tashi tare.

Akwai ɗan barbaɗen da ake yi a sama: fulawa cokali uku, sukari cokali uku, bota cokali biyu, a murtsuke da yatsu ya zama kamar tsaki. Ba dole ba ne. Riɗi ko dakakkiyar gyaɗa ma sun yi, musamman a kan dabino.

Gashi

Mai obin ta kunna shi minti 15 kafin lokaci, digiri 180, tire a tsakiya, minti 15 zuwa 18. Ƙananan obin na gas wutarsu daga ƙasa take, suna ƙona gindi sama na fari. Ki sa wani tire babu komai a ƙasan naki ya tare wutar, ki juya gaba ya koma baya bayan minti goma. Kafin nan kada ki buɗe.

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 kwalbar gas ta shiga gidaje da yawa, amma obin bai biyo ta ba, don haka mafi yawanmu tukunya ce obin ɗinmu. Ki sami babbar tukunyar dalma mai kauri da murfin ƙarfe. Ki zuba rairayi mai tsabta, busasshe, zurfin yatsu uku. Ki kafa gwangwanin tumatir uku a kai, waɗanda aka wanke aka ƙone fentinsu tun farko, su za su ɗauki farantin. Ki rufe, ki ɗora a murhun gawayi minti 20 ta yi zafi. Gwajin zafi: ki barbaɗa fulawa a faranti ki sa ciki. Ta yi ruwan zuma cikin minti biyar, daidai ne. Ta yi baƙi kafin nan, ki rage garwashi. Tana nan fara, ki ƙara fifita.

Da kin sa burodin, ki kwashe fiye da rabin garwashin ƙasa ki zuba a kan murfi. Nan ne dabarar take. Rairayin ya riga ya riƙe zafin da zai dafa gindi. Abin da tukunya ba ta da shi wutar sama ce, kuma idan murfin ya yi sanyi gumi zai taru a cikinsa ya ɗigo a kan burodin. Minti 20 zuwa 25. Wajen dubawa ki ɗaga murfin a miƙe, kada ki karkata shi toka ta zubo, kuma ki yi a inda iska ba ta kaɗawa. Faranti ɗaya na ɗaukar biyar ko shida, saboda haka sahun ƙarshe zai jira kusan awa guda. Ki ajiye shi wuri mai sanyi, kuma kada ki haƙa masa rami sai layinsa ya zo.

Wannan burodi ba a jiran ya yi ja kamar na masu shayi. Launin zuma a sama, gindi ya ɗan fi duhu. Idan ya yi ja sosai ya bushe. Yana fitowa ki shafa masa narkakkiyar bota a baki, ki ɗauke shi daga tire ki ɗora a rariya ko faifai, don gindin ya sha iska. Ki hana yara taɓawa minti 15: burodin na hucewa, amma cikin mangwaro yana riƙe zafi ya ƙona harshe.

Yadda zai kai ga karin kumallo

Ba wadda za ta tashi ƙarfe uku na dare don burodi. Mai firigo ta kwaɓa bayan isha'i, ta rufe ta sa ciki, zai tashi a hankali har asuba, kuma ya fi ɗanɗano. Bayan salla ta fitar, ta cura, ta ba shi kamar awa guda ya saki sanyi ya tashi, ta gasa. Sai dai wannan na buƙatar wuta ta kwana. Na taɓa farkawa na tarar kuran ya ɗauke tun tsakar dare, kwaɓin ya ture murfi ya gangaro kan robar miya. Da ɗari ana iya barin sa a waje, a rage yis zuwa rabin ƙaramin cokali, a ajiye a ɗaki mai sanyi. Da bazara kuwa ban yarda kwaɓi mai ƙwai da madara ya kwana a waje ba. Ki gasa da yamma, ya huce sarai, ki rufe a roba, da safe ki yayyafa masa ɗan ruwa ki ɗumama a tukunya rufe minti biyar a wuta kaɗan. Zai dawo da laushinsa.

Mai mangwaro ko gwaiba a cinye shi cikin kwana ɗaya da zafi, biyu da sanyi, don ta wajen cikin yake fara furfura. Mai dabino yana ƙara kwana ɗaya. Firigo na busar da burodi; idan ajiya mai tsawo ake so, wurin ƙanƙara ya fi, a ƙulle kowane a leda. Robar da za ta kwana a waje kuma ki ɗora ta a kan kofi a tsakiyar faranti mai ruwa, in ba haka ba kiyashi za su riga ki karyawa. Cikin da ya ragu ki sa a kwalba mai murfi cikin firigo, yana kai kwana huɗu ko biyar. Cokali ɗaya na dabinon a kofin koko ya ɗauke miki sa sukari.